Nazarin lamari: yaro ɗan shekara 7 a Aboabo da abin da fuskarsa ta nuna bayan an auna ta

Yaro ne ɗan shekara 7, yana hannun kakarsa ta wajen uba a Aboabo, cikin Kumasi. Ba zazzaɓi ko tari ne ya kai shi asibitin yara ba. Malamar ajinsa ce ta rubuto takarda cewa ba ya zama wuri ɗaya, ba ya ƙarasa aiki, ya maimaita aji ɗaya na firamare amma har yanzu bai iya rubuta sunansa ba. A makarantar allo ma haka abin yake: ya haddace aya biyu da yamma, washegari kamar bai taɓa jin su ba. An yi masa bulala, an yi masa rubutu ya sha, an kai shi wajen mai ruƙiyya. Kakar ta ce bakinsa akwai zance, kowa ya gani sai ya gaishe shi, ko baƙon da bai sani ba ya miƙa masa hannu zai bi shi. Aike kuwa ba ya yiwuwa: a ba shi sidi biyar ya sayo koko da ƙosai, ya dawo da ɗaya ko ya dawo hannu wofi, bai kuma san inda canji ya shiga ba.

Lamarin na koyarwa ne a kan yadda ake gane yaron da giya ta yi wa illa tun yana ciki, an tsara shi don nas-nas, ungozomomi, likitoci da malaman makaranta da ke aiki a zanguna, babu suna ko wani abu da zai sa a gane gida a cikinsa.

Iyayensa sun rabu yana da shekara 2. Uwar ta koma Accra, tana kasuwanci a Nima, ta yi wani aure ta haifi 'ya mace da yanzu ke da shekara 4. Kakar ta zo da katin awonsa, wanda ya taimaka ƙwarai. An haife shi a kan lokaci da nauyin kilo 2.2, ƙasa da 2.5 da ake ɗauka iyakar ƙarancin nauyi. Ya yi kuka nan take, bai yi shawarar da ta kai ga kwantarwa ba. Layin nauyinsa a katin bai taɓa hawa tsakiya ba, yana bin ƙasa tun watannin farko, ko a lokacin da yake shan nono sosai. Ya yi tafiya a wata 18. Bai taɓa yin sanƙarau ko maleriyar da ta kai ga suma ba.

A ranar da aka duba shi tsawonsa santimita 110 ne, nauyinsa kilo 17, kewayen kansa santimita 48.5. A jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya matsakaicin yaro namiji ɗan shekara 7 yana da tsawon kusan santimita 122 da nauyin kusan kilo 23. Kewayen kai a wannan shekara yana wajen santimita 52. Ke nan duka ukun sun faɗi ƙasa da layin da ake rubutawa −2 SD, wato cikin yara 100 sa'anninsa yana cikin biyu ko ukun ƙarshe.

Ra'ayi biyu da aka fara bayarwa

Kafin kowa ya ɗauko rula an riga an yanke hukunci biyu masu karo da juna, kuma dukansu daga kallo ne kawai. Na farko ya ce wannan fuskar yaron da uwarsa ta sha giya ce, hujjarsa karan hancin a kwance yake kuma akwai 'yar fata da ta rufe kusurwar ido ta wajen hanci. Na biyu ya ce ba zai yiwu ba: leɓensa na sama bai yi siririn na hotunan littafi ba, gidan kuma gidan Musulmi ne.

Babu hujjar da ta tsaya a cikin biyun. Kwantaccen karan hanci da fatar kusurwar ido suna nan a fuskar yara lafiyayyu da yawa a Afirka ta Yamma, musamman ƙanana, shi ya sa ba a lissafa su cikin alamomin da ake gina ganewa a kansu. Hotunan littafi kuwa yawancinsu na yaran Turawa ne, leɓen da ya yi siriri ga ɗan zango yana iya zama daidai da na lafiyayyen Bature. Maganar addini ba ta cikin awo, za a zo gare ta a wajen tarihi.

Alamomin da tsare-tsaren ganewa suka yarda da su uku ne rak: gajartar tsagar ido, shafewar kwarmin da ke tsakanin hanci da leɓen sama, da sirancin naman leɓen sama. Kowanne yana da yadda ake auna shi.

Yadda aka auna

Tsagar ido ita ce tazarar da ke tsakanin kusurwar ido ta ciki, wajen hanci, da ta waje, wajen kunne. Ba girman ƙwayar ido ba ne, ba kuma nisan da ke tsakanin idanu biyu ba ne. Ana amfani da ƙaramar rula ta roba mai gani-har-hanji, mai layin milimita. Yaro ya zauna, mai awo ya zauna gabansa idonsu a layi ɗaya. A ce masa ya kalli rufin ɗaki da ido kawai ba tare da ɗaga kai ba, domin idan ya kalli sama fatar ido tana buɗewa kusurwar waje ta fito fili. A kwantar da rular a saman kumatu ƙarƙashin ido, kusa iya kusa ba tare da ta taɓa ido ko gashinsa ba. Abin da ake yawan mantawa shi ne kusurwar waje ta fi ta ciki komawa baya, don haka dole rular ta bi karkatar fuskar. Idan aka riƙe ta a miƙe gaban fuska awon zai fito a gajarce. Idan fata ta rufe kusurwar ciki, a ja ta a hankali da yatsa zuwa wajen karan hanci har asalin kusurwar ta bayyana, in ba haka ba nan ma an rage tsawon.

Milimita ɗaya ba ƙaramin abu ba ne a wannan awo. A jadawalan da ake amfani da su matsakaicin tsagar idon ɗan shekara 7 yana wajen milimita 25, kuma matakin SD ɗaya, wato ma'aunin nisa daga matsakaici, bai wuce milimita ɗaya da ɗoriya ba. Kuskuren milimita biyu zai iya mayar da lafiyayyen yaro mai alama, ko ya ɓoye mai alamar. Shi ya sa ake auna kowane ido sau biyu ko uku, in da hali mutum biyu su auna kowa da kansa sannan su kwatanta. A wannan yaro an samu milimita 21 dama da hagu. Jadawalan da suka fi yawo an gina su ne a kan yaran Suwidin da na Kanada, akwai kuma na baƙaƙen yaran Amurka da aka wallafa a 1985, wanda ya nuna tsagarsu ta ɗan fi ta Turawa tsawo. Ga yaron da awonsa ke kan iyaka zaɓin jadawali zai iya sauya sakamako, kuma jadawalin Turawa zai fi barin baƙin yaro ya tsallake. Milimita 21 a shekara 7 kuwa ta faɗi ƙasa a kowanne.

Kwarmin leɓe da kaurin leɓe ba rula ake sa musu ba. Akwai kati mai hotuna biyar-biyar da Susan Astley da Sterling Clarren suka fitar a Jami'ar Washington da ke Seattle, tare da tsarinsu na ganewa mai lamba huɗu da ya fara fita a 1997. Mataki na 1 kwarmi mai zurfi da leɓe mai kauri, na 3 matsakaici, na 5 kwarmi ya shafe sumul leɓe kuma ya zama zare. Mataki na 4 da na 5 ne ake lissafawa alama. Katin iri biyu ne: na 1 don Turawa da masu irin leɓensu, na 2 don baƙar fata. An kuma yi wani daban a Afirka ta Kudu don yaran da jininsu ya gauraya. Ga ɗan zango kati na 2 ya kamata a ɗauka. Ana ba kwarmi matakinsa daban, leɓe nasa daban, ba a haɗa su.

A riƙe katin a gefen fuskar yaro, bakinsa a rufe ba matsewa, yana numfashi ta hanci. A share majina tukuna, yaron da hancinsa ya toshe zai buɗe baki ya ɓata awon. Babban mai ɓata wannan awo shi ne murmushi: da zarar yaro ya yi murmushi leɓen sama ya miƙe, kwarmi ya baje, leɓe ya sirance, lafiyayyen mataki na 2 ya koma kamar na 4. Wannan yaron kuwa mai fara'a ne, hoton farko da aka ɗauka da waya yana washe baki, sai da aka jefar da shi. An sa shi ya hura iska kamar mai kashe kyandir, sannan ya saki bakin, a daidai lokacin aka duba. Matsayin kai ma yana da tasiri: idan ya sunkuya leɓe zai bayyana siriri, idan ya ɗaga zai bayyana da kauri. Ramin kunne da ƙasan ramin ido su kasance a layi ɗaya da idon mai duba. Kwarmi an fi ganinsa daga ɗan gefe, da haske mai zuwa ta gefe ɗaya kamar na taga. Filashin waya da ke bugun fuska kai tsaye yana kashe inuwa, kowane kwarmi sai ya zama shafaffe.

Sakamako: kwarmi mataki na 4. Leɓe a kati na 1 ya yi kama da mataki na 3, a kati na 2 kuwa mataki na 4 ne ba gardama. Nan ra'ayi na biyu ya samo kuskurensa.

An ɗauki hoto uku don fayil, da izinin kakar: na gaba, na rabin gefe, da na gefe sosai, da ɗan sitika mai sanannen faɗi a tsakanin girare don ya zama ma'auni. Kada a ɗora rula a kan hoton waya a ce an auna tsagar ido. Hoto shimfiɗaɗɗe ne, yana gajarta ta, manhajar da aka yi don wannan aiki tana da gyaran da take yi wa lissafin. An kuma nemi hoton uban yana ƙarami da na uwar. Duk biyun kwarminsu mai zurfi ne, leɓunansu cikakku, don haka ba kamannin gida ba ne.

Sauran jiki ya nuna ƙananan abubuwa da ke ƙarfafa zato ba tare da sun zama hujja ba: ƙaramin yatsan hannu ya ɗan lanƙwasa ciki, layin tafin hannu na sama ya karya ya shige tsakanin manuniya da na tsakiya, fatar idon hagu ta ɗan sauko. An ji wata ƙara mai laushi a zuciya.

Abin da ya sa fuska ke ɗaukar wannan tambari

Paul Lemoine a Nantes ta Faransa ya bayyana yara 127 na iyaye mashaya a 1968, ba a kula da aikin sosai ba sai da Kenneth Jones da David Smith suka raɗa wa ciwon suna FAS, wato ciwon da giya ke jawo wa ɗan tayi, a 1973. Daga baya aka gane cewa FAS ɓangare ne kawai na faffaɗan rukuni da ake kira FASD, wanda ya haɗa duk illolin da giya ke yi wa yaro tun yana ciki, da alamar fuska ko babu. Giya tana ratsa mabiyiya ba shamaki, cikin awa ɗaya zuwa biyu adadinta a jinin ɗan tayi ya kusan na uwa. Hantarsa ba ta da ƙarfin narkar da ita, abin da ya fitar cikin ruwan mahaifa kuma yana sake haɗiyewa.

Tsakiyar fuska da gaban ƙwaƙwalwa daga wuri ɗaya suke tasowa, a mako na uku bayan shigar ciki. Gwajin Kathleen Sulik a kan ɓeraye a 1981 ya nuna giya a ranar da ta yi daidai da wannan lokaci tana kashe ƙwayoyin tsakiyar, sai a samu irin wannan fuska. Kwarmin leɓe yana samuwa ne inda tsoka biyu daga gefen hanci suka haɗu a tsakiya wajen mako na shida zuwa na bakwai. Idan kayan ginin sun yi kaɗan tudun biyu ba sa tashi, leɓe ma ba ya cika. Mako na uku bayan shigar ciki kuwa shi ne daidai lokacin da mace ke fara lura al'ada ta yi jinkiri, da yawa ba su ma sani ba tukuna.

Abin da ke biyo bayan wannan yana da muhimmanci. Lokacin da giya ke iya taɓa fuska 'yan makonni ne, na ƙwaƙwalwa kuwa wata tara cur. Mafi yawan yaran da giya ta taɓa a ciki fuskarsu lafiya lau take. Ƙididdigar da Svetlana Popova da abokan aikinta suka wallafa a 2017 ta ce kusan mace ɗaya cikin 10 a duniya tana shan giya da ciki, FAS yana kusan 15 cikin mutum 10,000, FASD gaba ɗaya kusan 8 cikin yara 1,000, a Afirka ta Kudu kuwa 111 cikin 1,000. Alamomin fuskar sun fi bayyana daga wajen shekara 2 ko 3 zuwa kafin balaga. A jariri sabon haihuwa da wuya a tantance, bayan balaga kuma hanci da haɓa suna girma su rufe ta, sai a koma ga hotunan yarinta.

Tarihin da tambaya ɗaya ba ta fitar da shi

An tambayi kakar ko surukarta tana shan giya. Ta ce a'uzu billahi, duk abin da ya raba su da yarinyar bai kai nan ba. Iya abin da ta sani ke nan, kuma tambayar ba ta da wata amsa a gaban jama'a a zango. Ba a matsa ba, aka nemi uwar ta zo da kanta.

An zauna da ita ita kaɗai, ƙofa a rufe, ba kaka ba miji. Ba a fara da kalmar giya ba. An fara da yadda cikin ya zo, wata nawa ne kafin ta gane, me take ci, laulayi ya wahalar da ita ko a'a. Sannan aka ce: “Maman yaro, kafin ki san kina da ciki, wane magani kike sha, na asibiti ko na gida?” Ta ce akwai na sanyi da ciwon ƙugu, ta kuma sha na neman haihuwa don ta yi shekara biyu ba ciki. “A ruwa ake dafa shi, ko a kwalba yake zuwa a jiƙe?” A kwalba. “Idan kin kurɓa yana ɗumama ƙirji? Idan ya ƙare me ake ƙara wa itatuwan?” A nan ta yi shiru kaɗan, ta ce mai maganin ce ke ƙarawa, kuma warinsa irin na giyar akpeteshie ne, amma an ce mata ƙarfin magani ne, tunda da niyyar magani aka sha ba giya ba ce.

Wannan ita ce hanyar da giya ta fi bi ta shiga cikin matan da ba za su taɓa zama a mashaya ba: saiwoyi da sassaƙe da aka jiƙa a akpeteshie, da bitas na kwalba ko na leda da ake tallata wa basir, ciwon baya, ƙarfin jiki da buɗe ciki. Akpeteshie tatacciyar giya ce daga bammi ko rake, ƙarfinta yakan kai kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. A zangon Kumasi akwai kuma gidajen da ba na Musulmi ba da ake shan pito ko burkutu kamar abinci, su ma idan aka ce giya suna iya cewa a'a, suna nufin ta kwalba. Don haka a ambaci kowane abu da sunansa.

Sai lissafi. An ba ta kofuna uku masu girma daban ta nuna irin wanda take amfani da shi, ta ɗauki na mililita 30. Safe da dare kullum, wani lokaci da rana idan ƙugu ya matsa. Ana ninka mililita da kason giya, a ninka da 0.79 a samu giram. Mililita 30 a kashi 40 giram 9.5 ke nan, kusan ma'auni ɗaya na giram 10 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke lissafi da shi. Ke nan kusan ma'auni 14 zuwa 21 a mako. Don kwatance, babbar kwalbar biya ta mililita 625 a kashi 5 tana ɗauke da kusan giram 25. Uwar ta fara shan maganin watanni kafin ciki, ta gane cikin a wata na uku, ta ci gaba har wata na biyar lokacin da nas ɗin awo ta ce a bar maganin gargajiya. Tsarin Hoyme na 2016, ɗaya daga cikin tsare-tsaren ganewa, yana ɗaukar an tabbatar da sha idan ya kai ma'auni 6 a mako na tsawon mako biyu, da ma'aunin Amurka na giram 14. Ta wuce nan nesa, kuma duk makonnin ginin fuska suna ciki.

Abin da aka kawar kafin a rubuta suna

Wannan fuska ba giya kaɗai ke kawo makamanciyarta ba. Maganin farfaɗiya da aka sha da ciki, musamman valproate da phenytoin, yana ba da siririn leɓe da shafaffen kwarmi, an tambaya ta ce ba ta taɓa sha ba. Shaƙar sholisho da tina ma haka. Cikin cututtukan ƙwayoyin halitta, ciwon Williams yana zuwa da son mutane irin na wannan yaro da matsalar zuciya, amma leɓunan masu shi cikakku ne bakinsu faffaɗa. Ciwon Cornelia de Lange yana da siririn leɓe amma girare a haɗe da yawan gashi. Ɓacewar wani yanki na ƙwayoyin halitta da ake kira 22q11 tana da gajeriyar tsagar ido da matsalar zuciya da magana ta hanci, ita ce ta fi wahalar rabewa da ido, don haka idan zuciya ko ganɗa ta nuna wani abu babba sai gwajin ƙwayoyin halitta. An duba jini: ba sikila, wadda shanyewar ƙwaƙwalwa ta ɓoye a cikinta kan jawo koma-baya a karatu, maƙoƙo lafiya, akwai ƙarancin jini kaɗan. Gwajin tunjere na uwar a katin awo ba komai.

Ƙwaƙwalwa ita ce asalin abin da ake nema. Gwajin masaniyar halayyar yara, da aka yi da Hausa ta bakin tafinta domin Ingilishinsa bai kai ba, ya nuna rauni mai tsanani a riƙe abu a ka, tattara hankali, tsara aiki mataki-mataki, da lissafi. Maganarsa ta fi fahimtarsa: yana iya maimaita umarni kalma-kalma bai gane abin da ake so ba, abin da ke sa manya su ɗauka da gangan yake yi.

Tsare-tsaren ganewa ba bakinsu ɗaya ba. Na Hoyme yana karɓar alama biyu cikin uku, da tsagar ido a cikin kashi 10 na ƙasa. Na Kanada na 2016 yana son duka ukun da −2 SD, da rauni a fanni uku ko fiye cikin goma na aikin ƙwaƙwalwa. Yaro mai alama biyu zai iya samun suna a ɗaya ya rasa a ɗaya, shi ya sa ya kamata a rubuta tsarin da aka bi da katin da aka ɗauka a fayil. Wannan yaro ya cika sharaɗin duka biyun: alamomi uku, ƙarancin girma, ƙaramin kai, raunin ƙwaƙwalwa, da tabbataccen sha. An rubuta FAS.

Faɗa wa gida da abin da aka tsara

Abin da uwar ta faɗa sirrinta ne, kuma kalmar giya a kunnen dangin tsohon miji tana iya raba ta da ɗanta gaba ɗaya, ta bi ta har gidan aurenta na Nima. An tambaye ta me ta yarda a faɗa. Ta yarda a ce wani maganin kwalba da ta sha kafin ta san tana da ciki. Da wannan aka zauna da kakar: “Hajiya, jikanki ba taurin kai gare shi ba, ba kuma iska ba ce. Ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni tun yana ciki. Abin da ya manta, mantawa ya yi da gaske.” A fayil an rubuta komai yadda yake.

Babu maganin da ke gyara abin da ya riga ya faru, amma yadda aka riƙe yaro yana sauya makomarsa. Binciken Ann Streissguth a Seattle ya nuna ganewa da wuri da zama a gida mai natsuwa su ne suka fi kare irin waɗannan yara daga barin makaranta da faɗawa hannun hukuma. An roƙi a daina bulala a gida da makarantu biyun, domin ba ta koya masa komai sai tsoro, washegari zai maimaita laifin. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a gajarce, a nuna masa da hannu. Aike ɗaya, kuɗi daidai ba canji, kuma ba tsallaka babban titi shi kaɗai. Lokacin barci da ci da wanka ya zama iri ɗaya kullum. A aji ya zauna gaba nesa da taga, a allo a rubuta masa aya ɗaya a maimaita ta kwanaki kafin a ƙara. An rubuta wa shugabar makaranta takarda da ke ambaton manufar ilimi na bai-ɗaya ta Ghana ta 2015, wadda ta ba yaro mai buƙata ta musamman damar zama a ajin kowa da tallafi, ba a sa dalilin ciwon a ciki ba. An ba shi maganin ƙarin jini, an tura shi hoton zuciya da gwajin ido da na ji, waɗanda a Kumasi ake samu a asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Maganin tattara hankali an bar shi sai an ga sakamakon zuciya da abin da gyaran aji ya haifar cikin wata uku.

Ƙanwar tasa an duba ta ita ma. Tsagar idonta daidai da shekarunta, kwarmi mataki na 2, leɓe na 3, girma lafiya. Amma uwar ta ce a wannan ciki ta bar kwalbar tun kafin aure, sai ciwon ƙugu ya dawo a wata na shida ta koma mata har haihuwa. Fuskar yarinyar ta riga ta ginu kafin nan, ƙwaƙwalwarta kuwa tana tsakiyar girma. Ba a sa mata suna ba, ba a kuma sallame ta ba: an rubuta ta cikin masu haɗari, za a riƙa duba maganarta da halayyarta duk shekara a Accra, a yi cikakken gwaji idan ta kai shekara 6. Uwar tana son ƙarin haihuwa kuma ba ta tsarin iyali. An gaya mata babu adadin giya da aka san ba ya cutar da ciki, ta bar duk maganin da aka jiƙa a kwalba tun yanzu ba sai ta ga ɓatan wata ba. An tambaye ta ko hannunta na rawa ko tana zufa da safe idan ba ta sha ba, domin mai irin wannan bai kamata ya yanke lokaci ɗaya ba tare da likita ba, ta ce a'a. An rubuta mata takardar zuwa a duba ciwon ƙugun.